Abin da Matafiyin Bahaushe Yake Gani a Hanya

Labarin tafiya a ƙasar Hausa labarin mutane ne. Duk wanda ya dawo daga doguwar tafiya ya zauna a majalisa a Kambarawa, ko wata unguwa ta Katsina, an san tambayoyin da za a yi masa. Yaya hanya? Yaya ka baro su? Ruwa ya sauka a can? Nawa tiyar gero? Da wuya ka ji an ce ya kwatanta faɗuwar rana a bayan duwatsun Dutsinma. Shi ma da ya san abin da za a tambaye shi, tun a hanya shi yake zuba wa ido.

Wannan ɗabi'a gadon fatauci ce. Ayarin da ke zuwa Gwanja saro goro yakan yi watanni kafin ya kai Salaga, da madugu da jagaba da uban dawaki, da jakuna ɗaruruwa. Mutum ya kama irin wannan hanya shi kaɗai, ganganci ake kiransa. Ba wai fatake ba sa duban ƙasa ba ne. Jagaba ya fi kowa dubanta. Sai dai duban aiki ne: ina rijiya, ina mashigin kogi, ina ciyawar dabbobi, ina za a yada zango kafin duhu.

Da boko ya zo, rubutu ya bi sahu. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar rubuta littattafai ta 1933 aka buga shi a 1934. Alhaji Imam na cikin littafin matafiyi ne mai yawo shi kaɗai, amma abin da ya cika labarin shi ne sarakuna da alƙalai da kasuwanni da wasan kura da yake yi da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe. Dajin da ke tsakanin gari da gari a layi ɗaya ake tsallake shi. Haka kuma Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwan Imam Ingila a 1943, da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, hankalinsu yana kan yadda wasu al'ummu suka tsara zamansu da abin da za a koyo a kawo gida. Ina girmama waɗannan littattafai ƙwarai, amma sun bar mu da giɓi: ba mu saba rubuta kamannin ƙasarmu ba.

Yanzu ga sabon abu. Matashi ya cika tankin mota, ya kafa waya a gaban gilashi, ya kama hanyar Kano shi kaɗai ta Charanchi da Kankiya da Bichi, ko ya zarce har Abuja, ya ɗora bidiyon a Facebook ko TikTok. Kaɗaicin ya ba shi abin da fasinjan motar haya ba ya samu, wato ikon tsayawa inda ya so. Abin da ke damuna shi ne bayanin da ke biyo hoton. Yawanci bai wuce "Masha Allah, dubi kore" ba.

Alhali koren nan magana yake yi. Wanda ya bi hanyar Jibiya ya tsallaka ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi cikin rani zai ga gonaki sun bushe ƙayau, amma ga wasu itatuwa tsaye a tsakiyarsu da ganye shar. Gawo ke nan. Da damina yake kakkaɓe ganyensa, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki. Manomi ne ya bar shi da gangan lokacin sharar gona. In ka ƙara arewa, rairayi ya ƙaru, goriba ta yawaita. In ka juya kudu wajen Malumfashi da Funtuwa, gero ya ja baya, dawa da masara da auduga su karɓi fili, ɗorawa ta fara yawa a bakin titi. Tsohon direban tasha ya san duk wannan ba tare da ya taɓa kiransa kyau ba. Mai waya kuwa ya ga kyan, sunayen ne babu. Labarin tafiyar da nake marmarin karantawa da Hausa shi ne wanda ya haɗa idon wannan da sanin wancan.

Lokacin ma bai ba da sauƙi ba. Tun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Rugu, hanyoyin Batsari da Safana da Jibiya suka daina zama wuraren da mutum zai faka mota don kallon dutse, kuma sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020 ya ƙara tsoron. Yau mai motar kansa ma sai ya leƙa tasha ya tambayi direbobi ko hanya lafiya, ya jira rana ta ɗaga, sannan ya bi bayan motocin haya.