Kambas Ɗin Jordan: Daga Ɗakin Gwanjon Sotheby's Zuwa Dilar Gwanjo a Dogon Dutsi

A watan Afrilun 2023, kamfanin Sotheby's ya sayar da takalman Air Jordan 13 da Michael Jordan ya saka a ɗaya daga cikin wasannin ƙarshe na gasar NBA ta 1998 a kan dala miliyan 2.2. Wanda ya saya ba zai taka ƙasa da su ba. Ita kuwa kasuwar Dogon Dutsi, a kan babbar hanyar Yamai zuwa Birnin Ƙonni, ana shimfiɗa takalma masu wannan tambari a kan leda, samari na ɗagawa suna lanƙwasawa suna taya. Sunan ɗaya ne, amma abin da kowane ɓangare yake kira daraja ya sha bamban.

Asalin kambas ɗin ƙwallon kwando ya girmi Jordan nesa ba kusa ba. Kamfanin Converse ya fitar da All Star a 1917, na zane da ƙasan roba, kuma shi ya mamaye filaye shekaru da dama. A 1982 Nike ya kawo Air Force 1 na fata. Sai 1984, lokacin da kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da wani matashi da ya shiga ƙungiyar Chicago Bulls, wato Jordan, a shekarar da ta biyo baya kuma Air Jordan 1 ya shiga kasuwa a kan dala 65. Daga nan aka ɗora al'adar fitar da sabon samfuri mai lamba kusan kowace shekara. Na uku, wanda Tinker Hatfield ya zana aka fitar a 1988, shi ya zo da hoton mutumin nan mai tsalle da ƙwallo a hannu, wanda yau ake gani a hula da riga har a ƙauyukan Matankari.

Tara takalma a matsayin dukiya ya ƙara ƙarfi ne daga 1994, sa'ad da Nike ya fara sake fitar da tsofaffin samfuran Air Jordan bayan Jordan ya ajiye wasa karo na farko. Dabarar ita ce a fitar da kaɗan, a sanar da rana, a bar jama'a su yi layi. A Disambar 2011, da aka sake fitar da Jordan 11, sai da 'yan sanda suka shiga tsakani a shaguna da dama na Amurka saboda turmutsutsu. Bayan haka aka samu dandali irin su StockX, inda farashin takalmi yake hawa da sauka kamar hannun jari. A wannan duniyar, takalmin da ya fi tsada shi ne wanda ba a taɓa sakawa ba, yana cikin kwalinsa da takardarsa, sai ko wanda gwanin da kansa ya yi gumi a ciki.

A Arewa, yankin da Dogon Dutsi yake, lissafin ya juya. Takalmin yana isowa ne a cikin dila, ba kwali, ba takarda, wani lokaci ma sai an tona kafin a haɗa ƙafar dama da ta hagu. Shekara da shekaru kayan gwanjo suna sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su haye gadar Malanville zuwa Gaya, su bazu cikin jihar Dosso, wasu su tsallaka Najeriya. Rufe iyakar Benin tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya karkatar da kaya da yawa zuwa Lome, hanya ta yi tsawo. Ga kuma sababbi fil da ke shigowa ta kasuwannin Kano da Sakkwato, kuma Tibiri da ke bakin iyakar jihar Kebbi ba ta rasa su. Mai saye a nan ya san wani abu: tsohon da ya fito daga dila sau da yawa shi ne na asali, sabo mai ƙyalli da araha kuwa galibi jabu ne. Don haka tsufa yana da daraja a Dogon Dutsi ma, amma don ƙarko.

A tsaya a kalli gwanin mai sayar da gwanjo yana tantance kaya. Zai ɗaga harshen takalmin ya duba 'yar takardar da ke ciki, inda aka rubuta lambar ƙafa, ƙasar da aka yi shi, Sin ko Biyetnam ko Indunusiya, da kwanan watan ƙira. Zai bi ɗinki da farce, ya danna dunduniya da babban yatsa, ya murɗa ƙasan ya ji ko zai tsage, har ya sunsuna don jin warin gam. Aikin da masu tantancewa a manyan kamfanonin sake sayarwa suke karɓar albashi a kansa ke nan, shi kuwa a bakin dila ya koya.

Danna dunduniyar nan ba banza ba ne. Samfura irin su Jordan 3 da 4 suna da soso a tsakiyar ƙasansu wanda danshi ke ci a hankali, bayan shekaru ya ruɓe ya zama gari, kuma ajiya ba tare da sakawa ba ba ta hana hakan. Mai tara takalma a Amurka yakan buɗe kwalin da ya adana shekara ashirin ya tarar da marmashi. Jordan 1 da Air Force 1 kuwa ƙasansu roba ce da aka ɗinke da fata, shi ya sa mai gyaran takalmi na bakin tasha yake iya bin tsohon layin da basilla da zare ya mayar da su aiki. A garin da jar ƙura ke rina farin takalmi, ƙarangiya kuma ke maƙale wa igiya, wannan shi ne abin dubawa.

Ba ƙwallon kwando ya kawo takalmin Arewa ba. Wasan da ke tara jama'a a nan kokawa ce, wadda ake yi ƙafa ba takalmi a cikin yashi, kuma sunan Issaka Issaka na Dosso ya fi na kowane ɗan NBA zama a bakin yara. Kambas ya shigo ta hanyar mawaƙan zamani, hotunan waya da 'yan ci-rani masu dawowa gida da tsaraba. Ado ne na Sallah da biki, kafin ya koma na makaranta, sannan ya gangara ga ƙane.

Akwai ɗan wasan da ya hango matsalar tsadar takalmi tun da wuri. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ci kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995, ya sa sunansa a kan takalmin Spalding mai dala 35, yana mai cewa uwa mai ƙaramin ƙarfi da 'ya'ya uku ba za ta iya sayen na dala 120 ba. Takalmin nasa bai samu farin jinin Jordan a wurin masu tarawa ba, amma ma'auninsa shi ne wanda iyaye a Dogon Dutsi da Tibiri suke sayayya da shi. Saurayin da zai je kasuwa neman Jordan ya fara duba takardar ciki da ɗinkin ƙasa kafin tambari, kuma in soson dunduniya ya nutse bai dawo ba, ya ajiye ya nemi wani.