Hoto a Matsayin Shaida: Nazari kan Street Life in London

Tsakanin Fabrairun 1877 da Janairun 1878, John Thomson, mai ɗaukar hoto haifaffen Edinbara, da ɗan jarida Adolphe Smith suka riƙa fitar da wani aiki kashi-kashi duk wata, mai suna Street Life in London. Aikin ya ƙunshi hotuna fiye da 30 na 'yan talla da masu ƙananan sana'o'i a Landan, kamar mata masu sayar da furanni a kasuwar Covent Garden, da yara masu goge takalma, da Italiyawa masu sayar da askirim. Kowane hoto yana tafe da bayaninsa.

Kafin wannan, Henry Mayhew ya wallafa littafi kan talakawan Landan a 1851, amma da zane-zane aka ƙawata shi, ga shi kuwa ana iya zargin mai zane da ƙarin gishiri. Saboda haka Thomson da Smith suka gabatar da hoto a matsayin shaidar da ba ta musuwa.

Sai dai akwai abin lura. Na'urar wancan zamani ba ta iya kama motsi, tilas wanda za a ɗauka ya tsaya cik. Ashe ke nan jera mutanen aka yi, ba riskar su aka yi cikin hidimarsu ba. Bugu da ƙari, Thomson ya shafe shekaru kimanin 10 a nahiyar Asiya yana ɗaukar mutane jinsi-jinsi, kuma da wannan idon ya dubi talakan Landan, wato a matsayin samfurin wani aji.

Bayanin Smith shi ya cike wannan giɓi. Hoton da ake kira "The Crawlers" ya nuna wata mace a galabaice bakin ƙofa, rungume da jariri. Mai kallo zai ɗauka ɗanta ne. Bayanin ne ya nuna cewa mijinta tela ne, ya rasu, kuma reno take yi wa wata domin ta sami shayi da ɗan burodi.

A taƙaice dai, hoton ya jawo tausayi, amma bayanin ne ya faɗi dalilin talaucin. Duk wanda ya raba su ya rage wa shaidar ƙarfi, kuma ya mayar da wahalar bayin Allah abin kallo kawai.