Mata Bakwai a Campovolo: Kai Jama'a, Italiya Tana da Mawaƙa!

Tun kafin a yi nisa gara in faɗa muku, ni masoyiyar waɗannan matan ce, kuma son da nake musu ya wuce a ɓoye shi. Wanda yake neman sharhi mai sanyi, irin na alƙalin gasa da ke auna kowace murya a ma'auni, ya yi haƙuri. Yau yabo na zo yi, kuma ina da hujja.

Ranar 11 ga Yunin 2022, a filin Campovolo da ke birnin Reggio Emilia a arewacin Italiya, mawaƙa mata bakwai suka hau dandali ɗaya a gaban mutane kimanin dubu ɗari: Fiorella Mannoia, Laura Pausini, Gianna Nannini, Giorgia, Elisa, Emma da Alessandra Amoroso. Sunan taron "Una. Nessuna. Centomila." An so a yi shi tun 2020, annobar korona ta hana. Kuɗin da aka tara an ba cibiyoyin da ke karɓar matan da suka gudo daga duka da cin zarafi. Kowace a cikinsu ta gayyato mawaƙi namiji ya taya ta, don a nuna cewa maganar ba ta mata kaɗai ba ce. Pausini ta zo da Eros Ramazzotti, Amoroso ta zo da Diodato. Kowace ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan tana iya cika babban fili ita kaɗai, babu wadda take buƙatar 'yar'uwarta don ta sayar da tikiti. Amma suka haɗu, aka yi ta miƙa wa juna makirfo, babu kishi babu ƙyashi. Na kalli bidiyoyin taron a YouTube har sai da mutanen gidanmu suka fara tambaya ko lafiya.

Uwar gayya, a wurina, Fiorella Mannoia ce. Jan gashi, idanu masu kaifi, da wata murya mai kauri wadda ba ta ihu amma take ratsa ƙashi. An haife ta a Roma a 1954, kuma kafin ta zama mawaƙiya sana'ar gidansu ta gada: mahaifinta yana cikin masu tsayawa a madadin jarumai a wuraren haɗari na fim, masu faɗowa daga doki da shan naushi. Ita ma haka ta fara. A fim ɗin "Amore mio aiutami" na 1969 akwai wani sanannen wuri inda Alberto Sordi yake jibgar matarsa a bakin teku. A fuska Monica Vitti ce matar, amma jikin da ya sha marin da faɗuwar na Fiorella ne, tana yarinya 'yar shekara goma sha biyar ko kusa da haka. Fim ɗin na barkwanci ne, mutane suka yi ta dariya a sinima. Yarinyar nan ita ce bayan shekara hamsin da ɗoriya ta tsaya a gaban dubban mutane tana jagorantar yaƙi da dukan mata. Ko marubucin labari ne ya tsara haka sai a ce ya cika ƙari.

Waƙarta da ta fi shahara, "Quello che le donne non dicono", ta rera ta a gasar waƙa ta Sanremo ta 1987, ta kuma ci kyautar 'yan jarida masu sharhi. Maza biyu ne suka rubuta ta, Enrico Ruggeri da Luigi Schiavone, kuma tana magana ne a kan abin da mata ke haɗiyewa ba sa faɗa. A asalinta waƙar tana ƙarewa da mace ta sake amincewa, ta sake haƙura. To da shekaru suka ja, Mannoia ta soma sauya wannan ƙarshen a dandali, tana tunatar da masu sauraro cewa mace tana da ikon ƙi, kuma idan ta ƙi to ta ƙi. Wannan abu ya burge ni fiye da yadda zan iya faɗa. Mawaƙi nawa ne zai taɓa waƙar da ta yi masa suna, wadda jama'a suka haddace, don kawai tunaninsa ya ci gaba? Yawanci lallaɓa ta ake yi kamar ƙwai, tunda ita ke kawo abinci. Ita ko ta nuna cewa waƙa ma tana iya girma tare da mai ita.

Kuma ba mata kaɗai ke gabanta ba. Kundinta na 2012 mai suna "Sud" ta sadaukar da shi ga Thomas Sankara, shugaban Burkina Faso da aka kashe a 1987. Ku duba fa, Baturiya 'yar Roma, ta ɗauki kundi guda ta ɗora sunan Sankara a kai, a ƙasar da matasa da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Ra'ayinta shi ne kudancin Italiya da aka bari a baya da kudancin duniya ciwonsu iri ɗaya ne, an kwashe arzikinsu an bar su da zargin lalaci. A 2024, tana dab da cika shekara saba'in, ta koma Sanremo da "Mariposa", waƙar da ke jero fuskokin mace iri-iri a tarihi, ta tafi gida da kyautar rubutun waƙa mafi kyau. Allah ya ƙara wa wannan baiwar Allah lafiya!

Don a gane nauyin abin da suke yi, sai an san ƙasar da suka taso a ciki. Har zuwa 1981 dokar Italiya tana sassauta hukunci ga namijin da ya kashe matarsa ko 'yarsa ko 'yar'uwarsa da sunan kare mutuncin gida, kuma wanda ya yi wa yarinya fyaɗe yana iya kuɓuta idan ya aure ta. Franca Viola, wata budurwa daga tsibirin Sicily, ta yi suna a tsakiyar shekarun 1960 saboda ta ƙi irin wannan auren. Sai a 1996 doka ta ɗauki fyaɗe a matsayin laifi a kan mutum, da can laifi ne a kan tarbiyyar jama'a. Mannoia da Nannini sun riga sun yi suna kafin wannan gyaran na ƙarshe. Saboda haka idan suna magana a kan lambar waya 1522, wadda mace ke kira a Italiya idan tana cikin haɗari, sun san daga inda aka fito.

Gianna Nannini kuwa, wuta ce! 'Yar birnin Siena, mai murya a shaƙe kamar wadda ta kwana tana kiran wani daga nesa. Masu son ƙwallo sun san muryarta ko ba su san sunanta ba, domin ita da Edoardo Bennato ne suka rera "Un'estate italiana", waƙar gasar cin kofin duniya ta 1990, wadda Kamaru ta buɗe da lallasa Ajantina a filin San Siro. Gidansu masu kamfanin kayan zaƙi ne, a can injin ya yanke mata kan yatsu tana matashiya, ta bar gida ta tafi Milan neman waƙa. Tana tsakiyar tashe ta koma jami'a ta yi digiri a falsafa. A 1995 ta haura barandar ofishin jakadancin Faransa a Roma tare da 'yan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace, don nuna adawa da gwajin makaman nukiliya a tekun Pasifik. A Campovolo tana dab da shekara sittin da takwas, amma yadda take zagaye dandalin sai ka tausaya wa matasan da ke biye da ita.

Sai Laura Pausini, wadda duniya ta fi sani. Yarinya ce daga ƙaramin garin Solarolo, tana taya mahaifinta waƙa a gidajen cin abinci, ta ci rukunin sababbin mawaƙa a Sanremo a 1993 da "La solitudine" tana shekara goma sha takwas. Daga nan sai sama: tana waƙa da Italiyanci da Sifaniyanci da wasu harsunan, ta ci Grammy a 2006, ta ci Golden Globe a 2021 da waƙar fim ɗin "The Life Ahead", inda Sophia Loren ta fito a matsayin tsohuwar da ta riƙi wani yaro maraya ɗan Senegal. Abin da nake so game da ita shi ne yadda take kallon ɗaukaka. A 2022 ta fitar da fim, "Piacere di conoscerti", wanda ya ginu a kan tambaya ɗaya: da ba ta ci gasar nan ba, wace irin rayuwa za ta yi? Ta fito a matsayin macen da ba ta yi suna ba, mai harkar kayan tangaran, tana waƙarta da dare a ƙaramin wuri, kuma ba ta nuna wannan rayuwar a matsayin asara ba. Ita ce kuma ta tara mata mawaƙa a San Siro ranar 21 ga Yunin 2009 don taimakon waɗanda girgizar ƙasar L'Aquila ta shafa, don haka Campovolo ba farau ba ne.

Ba zan ɓoye ba, akwai ranar da ta sha suka. A 2022, a wani shirin talabijin na Sifaniya, an nemi ta rera "Bella ciao", waƙar da ake dangantawa da 'yan gwagwarmayar da suka yaƙi mulkin Fasist, ta ƙi, ta ce ba ta waƙoƙin siyasa. Italiya ta ɗauki zafi. Daga baya ta bayyana cewa tana ƙin Fasistanci da duk wani mulkin kama-karya, kawai ba ta so 'yan siyasa su yi amfani da ita. Ni da za a tambaye ni, da ta rera. Amma wannan ma yana cikin abin da ya sa nake son su: ba bakinsu ɗaya ba a komai. Mannoia ba ta jin tsoron siyasa ko kaɗan, Pausini tana kaffa-kaffa da ita, duk da haka suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a kan abin da suka yarda da shi tare.

Sauran ma ba kanwar lasa ba ne. Emma, 'yar yankin Salento, wadda ta yi fama da ciwon daji ta tashi, ta yi kira a dandali a 2019 cewa a buɗe tashoshin jiragen ruwa ga baƙin haure da ake cetowa a teku, a lokacin da gwamnati ke hana jiragen ceto sauka. Ta sha zagi na fitar hankali a intanet, ba ta janye ba. Duk wanda ya san hanyar Agadas zuwa Libiya ya san 'ya'yan su wa ke cikin waɗannan kwale-kwalen, don haka ni dai ta gama min komai. Alessandra Amoroso kuma, a taron 'yan jarida na Sanremo a 2024, ta zauna ta karanta irin munanan saƙonnin da aka riƙa turo mata, don mutane su ji da kunnensu abin da shahara ke jawowa. Giorgia da Elisa ba su cika surutu ba, murya ce makaminsu. Giorgia ta ci Sanremo a 1995, Elisa a 2001, kuma idan Giorgia ta ja murya sama sai ka ji tsikar jikinka ta tashi.

Akwai mata biyu da ba su hau dandalin ba amma ba a iya maganar nan babu su. Mina, sarauniyar muryoyi, ta haihu a 1963 da wani ɗan wasa mai aure, gidan talabijin na gwamnati, RAI, ya kore ta na wani lokaci, jama'a suka matsa aka dawo da ita. A 1978 ta yi wasanta na ƙarshe a bainar jama'a, ta killace kanta a Lugano ta ƙasar Suwizalan, inda dama take zaune, ta ci gaba da fitar da kundi bayan kundi ba tare da ta sake hawa dandali ba. Ta ba mutane murya ta hana su fuska, kuma suna saye har yau. Ta biyun ita ce Mia Martini, wadda labarinta ke sa ni ƙwalla. 'Yan sana'arta suka yaɗa cewa tana kawo rashin sa'a, abin nan da mu a nan ake yi wa mace ƙazafi a ce tana da farar ƙafa. Aka riƙa gudunta, aka daina gayyatarta, har ta bar waƙa na shekaru. Ta dawo Sanremo a 1989 da "Almeno tu nell'universo", ta girgiza zauren. Ta rasu a 1995, kuma yanzu kyautar masu sharhi ta gasar sunanta take ɗauke da shi. A 2024 ƙanwarta Loredana Bertè ce ta ci wannan kyautar mai sunan yayarta. Wallahi ban san yadda ta iya tsayawa a kan ƙafafunta ba ranar nan.

Taron Campovolo bai tsaya a dare ɗaya ba. An kafa gidauniya mai wannan suna, Mannoia ce shugabar girmamawa, aka kuma sake wani taron na kwana biyu a tsohon filin wasa na Verona a watan Mayun 2024, da mawaƙa maza da mata masu yawa.

Kada rashin jin Italiyanci ya hana ku. Mu da muka shekara muna bin waƙoƙin Indiya ba tare da jin kalma ɗaya ba, wannan ba zai gagare mu ba, ga kuma fassara tana samuwa a waya. Ku fara da Mia Martini ta 1989, ku bi da Mannoia, sannan ku nemi bidiyon da su bakwai ɗin suka tsaya a jere a Campovolo. Ku sa abin sauraro a kunne, ku ƙara sauti. In ba ta kama ku ba, ku zo ku same ni mu yi gardama.