Gidajen da Ke Tsakanin Bututun Hayaƙi Huɗu

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga tashar Victoria ta Landan ya nufi kudu, da ya tsallaka kogin Thames zai ga wani ƙaton gini na jan bulo, da bututun hayaƙi huɗu farare a kusurwoyinsa, kamar an kife teburi ƙafafunsa na kallon sama. Tashar wutar lantarki ta Battersea ke nan. An fara gina ta a 1929, aka kammala rabinta na biyu a 1955, kuma a lokacin da take ganiyarta ita ke ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar birnin. A 1983 aka kashe injinanta. Yau a kan rufinta, tsakanin bututun nan, akwai gidaje 18 na alfarma, kowanne da farfajiyarsa, kuma a kansu muke son yin magana.

Sai mu fara da yabo, domin aikin ya cancanta. Ginin ya yi kusan shekara 30 yana ruɓewa. Wani ɗan kasuwa da ya so mayar da shi wurin wasanni ya kware rufin a ƙarshen shekarun 1980, kuɗi suka ƙare, aka bar ruwan sama yana zuba ciki. Masu saye suka yi ta zuwa suna wucewa, har wasu kamfanonin Malesiya suka saye shi a 2012 kan fam miliyan 400. Masu zanen gini na WilkinsonEyre ba su yi aikin ganin ido ba. Bututun huɗu duk an sauke su an sāke zuba su yadda aka yi na asali, bulon da ya lalace an maye gurbinsa da irinsa, ɗakin sarrafa injina na farko kuwa, mai marmara da maɓallai jere-jere, an goge shi tas. Kwalliyar da Giles Gilbert Scott ya yi wa bangon waje tana nan. Ranar 14 ga Oktoba 2022 aka buɗe ƙofa ga jama'a.

To amma me aka adana? Mun duba, mun ga bulo da ƙarfe da siminti, ba mu ga mutum ba. Wannan wuri ne da jiragen ruwa ke sauke kwal dare da rana, ma'aikata na shiga da fita cikin zafi da ƙara, mazauna unguwa na shaƙar toka. Zaurukan injinan yanzu kasuwar kantunan tsada ce, ɗakin sarrafawa na biyu ya zama mashaya, kamfanin Apple ya kama hawa da dama ya yi ofis. Tarihin ya koma ado, tamkar tsohon kwano da aka jera a ɗakin amarya, ba a cin tuwo a ciki. Mai gidan da ke ƙololuwar ginin ya sayi kusanci da bututun hayaƙi, amma bayan an tabbatar masa hayaƙin kwal ya ɗauke har abada.

Wani zai ce ai babu laifi, wa ke kewar toka? Gaskiya ne, mu ma ba ma kewarta. Inda gizo ke saƙar shi ne lissafin gidaje. Da farko an yi alkawarin gidaje 636 masu rangwame a cikin aikin, domin masu ƙaramin ƙarfi. A 2017 ƙaramar hukumar Wandsworth ta amince a rage su zuwa 386, wato daga kashi 15 cikin ɗari zuwa kashi 9, bisa hujjar cewa kuɗin gyaran tsohon ginin ya zarce yadda aka zata. Magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya yi suka, amma aikin gama ya gama. A nan ne ya kamata mai sharhi ya tsaya ya daɗe. Bulon da muka yaba a sama, da bututun da aka sāke zubawa, an biya wani ɓangare na kuɗinsu da gidaje 250 da ba a gina ba. Iyalai 250 ke nan da ba za su taɓa sanin su ne suka biya ba. Ragowar gidajen ma ba a cikin tashar suke ba, an kai su gefe, nesa da bakin kogi.

Unguwar kanta ta ɗauki wannan fasali. An ja sabon layin jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙofar ginin a 2021, ofishin jakadancin Amurka ya dawo Nine Elms a 2018, Frank Gehry da Norman Foster sun kafa nasu benayen a maƙwabta. A nan kusa ne aka rataya wurin ninƙaya mai garai-garai tsakanin benaye biyu, mai wucewa a ƙasa yana hango cikin masu iyo a sama. Tafiyar 'yan mintoci daga nan sai ga rukunin gidajen gwamnati na Patmore, inda talakawan unguwar suka zauna tun tashar tana hayaƙi.

Abin da ya fi ba mu dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki, shi ne hoton da ya sa duniya ta san ginin. A 1977 mawaƙan Pink Floyd suka fitar da faifansu Animals, wanda ya ɗebo tunaninsa daga littafin George Orwell da masu karatun Hausa suka sani da Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtua. A bangon faifan, wani ƙaton alade na balan-balan ne ke shawagi tsakanin bututun Battersea, kuma alade a wannan labari shi ne wanda ya haye kan sauran dabbobi. Lokacin ɗaukar hoton igiya ta tsinke, aladen ya yi sama, ya rikita tashin jirage a Heathrow, ya je ya faɗi a wata gona a Kent. Kusan daidai wurin da ya yi shawagi ne aka gina gidajen 18.

Mai son ganin abin da masu gidajen ke gani yana iya sayen tikiti ya hau lif ɗin gilashi da aka saka a cikin bututun arewa maso yamma. Yana kai mutum tsayin mita 109, ya tsaya 'yan mintoci, sannan ya sauko da shi.