Gida, Lambu da Kushewa: Tarken Gine-ginen Edwin Lutyens Bisa Ma'aunin Bahaushe

1.0 Gabatarwa

Manazartan Hausa sun saba da feɗe waƙa da zube da wasan kwaikwayo, amma ba safai sukan ɗora gini a kan faifan nazari ba, alhali kuwa gini ma magana ce, sai dai da tubali da dutse ake yin ta. Manufar wannan maƙala ita ce a yi tarken ayyukan wani gwanin tsara gine-gine na ƙasar Ingila, watau Edwin Lutyens, wanda aka haifa a 1869, ya rasu a 1944. Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan Bahaushe da maginin da bai aza ko tubali ɗaya a ƙasar Hausa ba? Amsa ita ce, shi ne babban maginin daular da ta mallake mu daga 1903 zuwa 1960, kuma shi ne ya fi kowa tsara yadda daular za ta riƙa tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙinta, a cikinsu kuwa har da kakanninmu.

Za mu auna ayyukan nasa da ma'auni uku waɗanda kowane sarkin magina zai yarda da su. Na farko, shin ginin ya dace da wurin da aka kafa shi? Na biyu, ya biya buƙatar wanda aka yi dominsa? Na uku, abin da ginin yake faɗa wa mai kallo gaskiya ne?

2.0 Gidajen Attajirai

Lutyens ya fara suna ne da gina wa masu hali gidaje a ƙauyukan kudancin Ingila. Gidan da ya ɗaga shi shi ne Munstead Wood, wanda ya kammala a 1897 domin Gertrude Jekyll, wata gwanar tsara lambuna wadda ta girme shi da shekara ashirin da biyar, ta kuma riƙe shi tamkar ɗa. Da dutsen yankin da katakon yankin aka gina shi, bisa salon tsoffin gidajen manoman wurin, har baƙo kan zaci ya shekara ɗari a tsaye. A ma'auni na farko ke nan babu abin da za a ce sai yabo. Wannan ita ce hikimar da maginanmu suka daɗe da sani, cewa ƙasar da aka haƙa a bayan gari ita ta fi dacewa da katangar garin, azara da makuba kuma sun fi sanin rana da damina ta ƙasar Hausa fiye da kwano da siminti.

Wani abin lura shi ne yadda yakan ja wa mai shiga gida rai. A gidan Deanery Garden, wanda ya gama a 1901, mutum kan shiga ta wata ƙofa a jikin tsohuwar katanga, ya bi ta rufaffiyar hanya, ya ratsa tsakar gida, kafin lambu ya buɗe a gabansa. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin shi ma daga zaure sai ƙofar gida, sai shigifa, sannan cikin gida. Bambancin shi ne, namu tsari saboda kunya da tsare mutuncin iyali aka yi shi, nasa kuwa saboda a ƙayatar da ido.

A ma'auni na biyu ne aka fara samun tangarɗa. Alal misali, ginin Castle Drogo, wanda aka fara a 1911 aka gama a 1930, wani attajiri ne mai suna Julius Drewe ya sa a yi masa, mutumin da ya yi dukiya da kantunan sayar da shayi da sauran kayan da ake kwasowa daga ƙasashen mulkin mallaka. Ganuwa ce ta dutse irin ta zamanin yaƙin takobi, an kuwa gina ta a zamanin mota da jirgin sama. An yi mata shimfiɗaɗɗen rufi irin na soro a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa, saboda haka tun da wuri ta fara yoyo, sai da aka kashe maƙudan kuɗi a wannan ƙarni kafin a shawo kanta. Maginin Zazzau ko na Katsina ya san soro sai da indararo da yaɓen shekara-shekara, ya kuma san ba kowace ƙasa ce ke ɗaukar soro ba. A ma'auni na uku ma ginin ya gaza, domin yana shelar tsohuwar sarauta ne ga gidan da kasuwa ta ɗaukaka jiya-jiya.

3.0 Lambuna

Lambun Bahaushe na fadama ne, na albasa da tumatir da rake, inda jigo ke ɗebo ruwa yana bin kwari zuwa fangali. Lambun da Lutyens da Jekyll suka shahara da shi kuwa na kallo ne da shan iska. Sun raba aikin biyu: shi ya tsara dakali da matakala da rumfa da magudanar ruwa, ita kuma ta zaɓi furanni ta jera su bisa launi da lokacin hudarsu. Mafi kyawun misali shi ne lambun Hestercombe, wanda suka yi tsakanin 1904 da 1908, inda siraran magudanai na dutse suke miƙewa sambal, tsire-tsire kuma suna zubowa a kansu suna sassauta tsaurin layin. A nan ne fasahar ta kai matuƙa, domin gida da lambu sun zama abu guda, ba a gane inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara.

Sai dai irin wannan lambu ba ya rayuwa sai da tarin ma'aikata masu arhar lada. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, samarin da ke sassabe da ban-ruwa a irin waɗannan gidaje suna daga cikin waɗanda aka kwasa zuwa Faransa. Ashe mutanen da Lutyens bai sa su a lissafi ba sa'ad da yake zana lambu, su ne zai koma yana sassaƙa sunayensu a dutse.

4.0 Gine-ginen Tunawa da Mazan Jiya

A ra'ayinmu nan ne aikinsa mafi daraja yake, kuma nan ne ya fi cancantar tuhuma. A 1917 aka kafa Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Daular Ingila ƙarƙashin jagorancin Fabian Ware, Lutyens kuma yana cikin manyan masu tsara mata gine-gine. Hukumar ta kafa wata ƙa'ida mai kyau, cewa janar da farabiti dutse iri ɗaya za a kafa musu, ba fifikon muƙami ko dukiya ko addini.

Domin bikin ƙare yaƙi na watan Yuli 1919 ya tsara wani gini na wucin gadi da katako da farar ƙasa a tsakiyar Landan, wanda ake kira Sanotaf, ma'ana kushewar da ba kowa a cikinta. Jama'a suka yi ta tururuwa suna ajiye furanni, har ya zama dole a sake shi da dutse, aka buɗe ran 11 ga Nuwamba 1920. Tsawonsa ƙafa 35 ne kacal. Babu gunkin jarumi a kansa, babu doki, babu gicciye, babu kirarin nasara. Daɗin daɗawa, layukan da ido ke gani a miƙe duk a ɗan karkace suke, ta yadda da za a ja na tsaye sama, da sun haɗu a wajen ƙafa 1,000. Wannan ne ya sa dutsen yake kamar yana numfashi. Da yake kushewar wofi ce, kowace uwa tana iya sa ɗanta a ciki. Lutyens ya dage a kan kada a sa alamar addini guda, domin ya san Musulmi da Hindu da Yahudawa sun mutu a yaƙin, ya kuwa sha suka daga wasu shugabannin coci a kan haka. Wannan abin a yaba masa ne.

Ginin Thiepval da ke Faransa, wanda aka buɗe a 1932, ya ɗara wannan. A ranar farko ta gumurzun Somme kaɗai, watau 1 ga Yuli 1916, sojan Ingila kusan 20,000 suka mutu. Matsalar da aka ba shi ita ce, ina za a sami bangon da zai ɗauki sunayen mutum fiye da 72,000 waɗanda ba a ga gawarsu ba? Sai ya kafa ginshiƙai 16, ya haɗa su da bakuna manya da ƙanana masu ratsa juna, kowane ginshiƙi ya zama allo. Wanda ya san yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tayar da bakan gizo daga ginshiƙan Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu zai gane irin wannan basira, inda buƙata ce ta haifi siffa, ba ado ba. A ma'auni na ɗaya da na biyu Thiepval ba shi da makusa.

5.0 Inda Ma'auni na Uku ya Tsaya

Abin da waɗannan duwatsu ke faɗa shi ne, duk wanda ya mutu domin daula daidai yake da ɗan'uwansa, kuma ba za a manta da sunansa ba. To, gaskiya ne?

Rundunar Nijeriya, wadda da Hausa ake ba ta umarni, ta yi yaƙi da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a wurare irin su Garwa da Mora, sannan aka kai ta Afirka ta Gabas, inda ta yi asarar mutane da yawa a gumurzun Mahiwa cikin Oktoba 1917. Ban da soja akwai dubban 'yan dako, waɗanda cuta da yunwa suka fi harsashi kashe su. A 2021 wani kwamiti da Hukumar da kanta ta naɗa ya bayyana cewa mutum 45,000 zuwa 54,000, galibinsu 'yan Afirka da Indiya, ba a tuna da su daidai da Turawa ba, kuma aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba, wasu ma ba a tuna da su ko ta wace hanya ba. Rahoton ya nuna cewa a 1923 Gwamnan Gwalkwas, Gordon Guggisberg, ya ba da shawarar cewa baƙar fata ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba. A Darussalam abin da aka kafa a 1927 gunkin soja ɗaya ne a madadin dubbai. A watan Afrilu 2021 Ministan Tsaron Birtaniya ya nemi gafara a gaban majalisa.

Ba Lutyens ne ya yanke wannan hukunci ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa laifin gwamnoni. Amma ba za a wanke shi sarai ba. Wasiƙunsa sun nuna raininsa ga Indiyawa da gine-ginensu, duk da cewa ya ari ƙubba da inuwar rufi da tagogin dutse daga gare su ya sa a fadar Wakilin Sarkin Ingila a Delhi, mai ɗaki 340. A 1929 aka gama fadar, shekarar da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda. Can daula ta gina fada, nan kuwa tasha da sito, domin gyaɗa da auduga da fatun Zurmi da Shinkafi su sami hanyar teku. Shekara 18 bayan haka Indiya ta sami 'yanci, daga baya fadar ta koma gidan shugaban ƙasarta. Kyawun Thiepval na gaske ne, amma alkawarin da ke bakinsa bai ƙetare teku ba.

Wani zai ce, ai Musulmi ba ya gina kabari, saboda haka ba a cuce mu da komai ba. Wannan hujja tana da rauni. Gaskiya ne Bahaushe kan bar kushewa da tudun ƙasa da 'yar alama, amma bai taɓa yarda suna ya ɓace ba. Sunayen mutanen Badar suna nan a littattafai. Muhammadu Bello ya ambaci shahidan jihadi a Infaƙul Maisuri, Nana Asma'u ta yi wa mutanenta marsiyya, makaɗan fada suna riƙe da jerin mazan jiya, garin Ƙauran Namoda kansa sunan mayaƙi yake ɗauke da shi. Ginin tunawa na Bahaushe a baki da takarda yake. Abin da aka hana sojan Mahiwa suna ne, kuma a al'adarmu ma wannan rashi ne babba.

6.0 Kammalawa

Hukuncin wannan tarke shi ne, a gidajen Lutyens akwai gwaninta wadda wani lokaci takan bauta wa alfaharin mai kuɗi, a lambunansa akwai kyau wanda ya dogara da gumin da ba a ambata, a gine-ginen tunawarsa kuwa akwai fasaha ta ƙoli wadda daular da ta biya kuɗinta ta kasa cika maganarta.

Ya rage namu mu ɗauki abin da ya dace. Tun daga wajen 2011 ƙauyukan arewacin Zamfara, daga Birnin Tsaba zuwa Shinkafi, suke binne mutanen da 'yan bindiga suka kashe, jaridu kuma adadi kawai suke bugawa. Idan mun zargi Turawa da mayar da kakanninmu lissafi, bai kamata mu yi wa 'ya'yanmu haka ba. Ba ma buƙatar dutsen Ingila ko gini a kan kabari. Abin da ake buƙata shi ne limamai da masu unguwanni da malaman makaranta su rubuta suna da sunan uba da gari da rana, sassan Hausa da na tarihi na jami'o'inmu kuma su tattara su adana, tun waɗanda suka san mamatan suna raye. Haka nan sunayen maginanmu, waɗanda ban da Babban Gwani kaɗan ne suka shiga littafi, aiki ne da ke jiran ɗaliban digiri na biyu da na uku.