Mai Karanta Rajistar Fayawol

Idan manhajar biyan albashi ta sandare a ofis, kowa da nasa zargin. Wani ya ce kamfanin intanet ne, wani ya ce a kashe na'ura a sake kunnawa, wani kuma tuni ya ɗora laifin kan fayawol, katangar tsaron nan da ke tsakanin kwamfutocin ofis da duniyar waje. Amma akwai injiniyan da ba ya shiga wannan gardama. Sai ya ja kujera, ya buɗe rajistar haɗi ta fayawol, ya zaro layi guda, ya dubi wasu lambobi biyu, ya ce a bar katanga ta huta, a je a duba saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar. Wannan gwaninta ce ke burge ni, domin aiki ne na karatu tun kafin hannu ya taɓa komai.

Fayawol na farko-farko ba su da tuni. Kowane ƙunshin bayani ya zo, su dubi adireshinsa, su bar shi ko su hana shi, su manta. A 1994 kamfanin Check Point na Isra'ila ya fito da FireWall-1, wanda ya yi suna da riƙe tarihin kowane haɗi. Kamar mai gadi ne da littafi a hannu: duk wanda aka aika waje yana rubuce, don haka wanda ya zo yana cewa amsar saƙo ya kawo, sai an ga wanda ya aika saƙon kafin a buɗe masa ƙofa.

Abin da ake rubutawa a littafin ya samo asali daga ƙa'idar TCP, wadda aka wallafa a 1981 a takardar RFC 793 ƙarƙashin kulawar Jon Postel. Kafin kwamfuta biyu su yi musayar ko da harafi ɗaya, sai mai nema ya tura SYN, saba ta amsa da SYN-ACK, shi kuma ya tabbatar da ACK. A na'urorin fayawol na FortiGate, matakin da aka kai yana fitowa a gurbin da ake kira proto_state. In ka ga 01, haɗi ya kafu. In ka ga 02, an tura SYN amma shiru. 05 kuwa an riga an yi bankwana, ana ɗan dakon ragowar abin da ya makara a hanya.

A nan ne gwani ke rabuwa da mai hadda. Mai hadda ya san 02 na nufin ba a amsa ba, shi ke nan. Gwani zai haɗa lambar da ƙirgen da ke ƙasanta, inda fayawol ke nuna yawan abin da ya fita da wanda ya dawo. Uku sun fita, sifili ya dawo? To fayawol ya riga ya ba da hanya, tunda ai har ya buɗe wa haɗin layi. Ko saba ta mutu, ko ba ta san hanyar komowa ba, ko an manta da sauya adireshin cikin gida zuwa na waje, ko kuma amsar ta bi ta wata ƙofa dabam, abin da ke yawan faruwa a ofishin da ke da layin intanet biyu. In kuma ya nema bai ga layin ba sam, labari ya sauya: ko saƙon bai iso ba, ko wata doka ta tare shi tun daga bakin ƙofa. Rashin layi ma bayani ne a wurinsa.

Sai batun lokaci, wanda ya fi kowanne sa mutane zargin aljanu. Fayawol ba ya riƙe haɗin da ya yi shiru har abada. FortiGate, in ba a sauya masa ba, daƙiƙa 3,600 yake jira, awa ɗaya ke nan, sai ya goge layin bai sanar da kowa ba. Akanta ya bar manhajarsa a buɗe ya tafi sallar Juma'a, ya biya ya ci abinci, ya dawo ya danna, allo ya daskare. A ganin kwamfutarsa haɗi na nan, a rajistar fayawol kuwa babu shi, don haka ake watsar da duk abin da ya turo. Gwani na jin an ce kullum bayan hutu ne abin ke faruwa, ya san inda zai dosa. Fayawol na Linux ya fi haƙuri nesa ba kusa ba, daƙiƙa 432,000 yake bayarwa, kwana biyar cur.

UDP, wata ƙa'idar dabam da TCP, ba ta da gaisuwar nan ta SYN da ACK, don haka lissafinta a proto_state gajere ne: 00 an ji ɓangare ɗaya, 01 an ji amsa.

Rajistar kanta tana da iyaka, kuma maƙetata sun daɗe da sanin haka. A watan Satumba na 1996 an durƙusar da Panix, wani kamfanin intanet a birnin New York, ta hanyar yi masa ruwan SYN daga adireshin bogi, kowane na barin haɗi rabi a buɗe har wuri ya cika. Shi ya sa nake jin haushin masu maganin gaggawa, waɗanda da an kawo ƙarar akanta sai su tsawaita wa'adin kowane haɗi a na'urar baki ɗaya. Matattun layuka su taru, rajista ta cika, sababbin haɗi su rasa gurbi. Gwani ƙofar manhajar nan kaɗai zai ƙara wa wa'adi, ko ya sa kwamfutar ta riƙa tura ɗan saƙon nuna tana raye kafin awar ta cika, ya bar sauran yadda ya same su.