Habaici bayan rasuwar mai shi: sharhi a kan bukukuwan tunawa da mawaƙan adawa

1. Gabatarwa

Fela Kuti ya rasu ran 2 ga Agusta 1997. Daga 1998 ɗiyarsa Yeni ta kafa bikin Felabration, wanda ake yi a Legas cikin watan Oktoba, inda makaɗa suke maimaita waƙoƙinsa a gaban dubban jama'a. Tambayar da wannan maƙala take yi ita ce: shin waƙar adawa tana nan a matsayin adawa idan aka rera ta don karrama mamaci?

2. Sharaɗin habaici

A wajen Bahaushe habaici yana bukatar mutum uku: mai yi, wanda ake yi dominsa, da ƴan kallon da suka san shi ba tare da an ambaci sunansa ba. Maroƙin da ya saki magana a kasuwar Ibohaman ko ta Keita ya san wanda zai ji zafinta, ya kuma san abin da ka iya biyo baya. Ma'anar tana cikin wannan kasada.

Haka waƙar Zombie take. Fela ya yi ta a kan sojojin Najeriya suna bisa mulki, kuma a Fabrairu 1977 suka ƙone gidansa na Kalakuta. A Nijar ma, lokacin tawayen 1990 zuwa 1995, an haramta kaset-kaset na Abdallah Oumbadougou, suka riƙa yawo a ɓoye daga hannu zuwa hannu.

3. Abin da dandali yake canzawa

A bikin tunawa kalmomi ba su canza ba, kiɗa bai canza ba, amma wanda ake nufi ya bar wurin. Sai zambo ya koma yabo: ana tafa wa jaruntar mamaci, ba wanda ake nunawa da yatsa. Shi ya sa masu mulki suke samun wurin zama. Gwamnatin jihar Legas ta taimaka aka buɗe gidan tarihin Kalakuta a 2012, shugaban Faransa Macron kuma ya ziyarci New Afrika Shrine a 2018. A Ingila, da hukumomin Landan suka shiga bikin cikar kiɗan pank shekara 40 a 2016, Joe Corré ya ƙone kayan tarihin wannan kiɗa don nuna ƙin amincewarsa.

4. Kammalawa

Ba mu ce a daina waɗannan bukukuwa ba, domin su ne suke isar da waƙoƙin ga matasan da ba su ga zamanin ba. Sai dai a ganinmu ma'aunin nasararsu ɗaya ne: ko an bar matashin mawaƙi ya hau dandalin da sabon baiti a kan mai mulkin da yake raye. In ba a bar shi ba, abin da aka yi ta'aziyya ce da kiɗa.